Gonar gado a Sandamu: an ba ni shawarar shuka wiwi, ina neman ra'ayinku kafin damina

Ɗan Sandamu:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau wata magana ta tsaya mini a rai, kuma na ga gara in faɗe ta a gaban waɗanda suka fi ni sanin gona kafin ruwa ya sauka. Mahaifinmu ya rasu bara, da aka raba gado sai gona ta faɗo a rabona. Ba ta kai hekta ɗaya ba, jigawa ce, kuma shekara uku ke nan ba a kai mata ko mangala ɗaya ta taki ba saboda jinyar da aka yi, har ƙuduji ya mamaye gefenta na gabas. Na yi ta bin Baba gona ina yaro, amma ban taɓa riƙe gona da kaina ba.

Wani abokina da ya yi shekaru yana aiki a kudu ya dawo, ya ce mini in daina wahalar da kaina da tunanin gero. Ya ce zai kawo mini irin tabar wiwi, in shuka a wani ɓangare na gonar, shi zai saye duk abin da ta yi, kuma kuɗin da zan samu a damina ɗaya ya ishe ni jari. Ya ƙara da cewa gwamnati na gab da halatta nomanta, don haka wanda ya riga farawa shi zai ci riba. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni, domin akwai ƙanne huɗu da mahaifiyarmu a wuyana. Ina son in ji yadda ake gyara ƙasa irin wannan, da yadda ake tsare gona daga ɓarayi da dabbobi, da kuma gaskiyar zancen halattawar nan.

Malam na Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa can ta fi nan. Ɗana, ka kyauta da ka tambaya kafin ka aikata. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce, malamai kuwa sun daɗe da shigar da wannan ganye cikin hukuncin. Abin da cinsa ya haramta, nomansa domin a sayar wa masu sha shi ma ya haramta, kuma kuɗinsa ne za ka ciyar da marayu da shi. Ni ba manomi ba ne sosai, saboda haka tambayarka ta gyaran ƙasa zan bar wa masu ita, amma ina roƙonsu su amsa maka ita a kan abin da za ka iya ɗorawa a amalanke da rana tsaka ka bi ta ƙofar dagaci da shi.

Lauya daga Katsina:
Ƙanena, zan amsa tambayarka ta uku, domin a kanta abokin naka ya gina komai. Ba a halatta noman wiwi a Najeriya ba, ko don magani ko don wani abu. Tun 1966 aka kafa doka ta musamman a kanta, wadda a rubutunta na farko ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka ta. Daga baya, a 1989, aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, kuma sashe na 11 na dokarta ya ambaci shukawa da nomawa a cikin laifukan da hukuncinsu ke kaiwa ɗaurin rai da rai. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara, ba maganar da ake kashewa a zauren mai unguwa ba ce. Dokar ta kuma ba da damar ƙwace dukiyar da aka yi amfani da ita wajen laifin, wato gonar da ka gada tana iya fita daga hannunku gaba ɗaya, har da haƙƙin da ƙannenka suke da shi na ci daga gare ta.

Ka lura da yadda aka raba aikin. Shi zai kawo iri sau ɗaya ya tafi, ya dawo sau ɗaya ya ɗauka. Kai ne za ka yi wata huɗu ko biyar kana tsaye a kan abin, a gonar da kowa ya san sunan mai ita. In aka zo, sunanka ne a kan takarda, nasa ba ya ko'ina.

Matashin Kofar Soro:
Ranka ya daɗe Lauya, ban musa abin da ka faɗa a kan doka ba, amma ina ganin bai kamata mu yi kamar duniya ba ta motsa ba. Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, Zimbabuwe ta bi a 2018, Maroko ta yi dokarta a 2021, Gana ma a nan yammacin Afirka ta buɗe ƙofa ga nau'in da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire ta daga jerin mafiya haɗari na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi. A nan gida, marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya je har Tailan a 2019 don ganin yadda suke yi, ya dawo yana kira a duba lamarin. To, in har wasu ƙasashen Afirka suna samun kuɗin waje da ita, me ya sa talakan Daura ne kullum za a ce ya tsaya a gero? Ba ina cewa ya shuka ba ne, ina cewa tambayar tasa ba ta rashin hankali ba ce.

Lauya daga Katsina:
Duk abin da ka lissafa ya faru, kuma na ji daɗi da ka kawo shi da shekarunsa. Amma ka duba ƙasashen da ka ambata. A Lesoto da Zimbabuwe lasisi ake saya da kuɗi masu yawa, kamfanoni ne ke riƙe da shi, a gonaki masu shinge da mai gadi da rajista, hukuma tana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. A Maroko an keɓe wasu yankuna ne na tsaunukan arewa, manoma suna shiga ƙungiya, suna sayar wa kamfanin da aka amince da shi. Babu inda aka ce kowa ya shuka a bayan gari ya sayar wa abokinsa. Cirewar da aka yi a 2020 kuwa daga jeri ɗaya ce, har yanzu tana cikin abubuwan da yarjejeniyar ta sa wa takunkumi. A Najeriya an kai ƙudurori Majalisar Wakilai ba su zama doka ba, kuma Janar Buba Marwa, tun da ya karɓi NDLEA a farkon 2021, ya sha bayyana cewa bai goyi bayan halattawa ba. Muhawarar ko ya dace a canza doka muhawara ce da za a iya yi a fili, ni ma ina da ra'ayi a kanta, amma alƙali da dokar da ke rubuce yau zai yi wa wannan yaro hukunci.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina son in ƙara abu ɗaya daga inda nake aiki, ba tare da na ambaci wurin ba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2017, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Waɗannan ba mutanen wata duniya ba ne. Ina ganin iyaye mata suna kawo samari da ba su wuce shekara ashirin ba, sun daina barci, suna zargin kowa a gida, wasu suna jin maganganun da babu mai yin su. Ba kowane mai sha ne yake kaiwa nan ba, amma wanda ya fara da ƙuruciya kuma ya lizimta, haɗarinsa ya fi yawa. Ƙanena, abin da za ka noma a Sandamu ba Turai za a kai shi a yi magani ba, a tashar mota da bayan makaranta za a ƙulla shi, kuma ƙannenka maza ta nan suke wucewa.

Baba Mai Galma:
Yaro, ni na san mahaifinka ko da ban san sunansa ba, domin duk wanda ya noma jigawar ƙasar Daura ɗan'uwana ne. Shekarata ta wuce sittin, kuma tun ina da goma sha biyu nake riƙe hauya. Bari in yi maka maganar tsaro, tunda ka tambaya.

Waɗanda suke noman wannan abu da yawa a dazukan Ondo da Edo da Delta suke yi, inda itace ya rufe sama, mutum zai yi tafiyar sa'o'i bai haɗu da kowa ba, kuma duk da haka ana zuwa a sare a ƙone. Mu nan ina dajin yake? Ka tsaya a gonarka ka ɗaga kai, za ka hango gonaki goma. Mata masu tsinkar tafasa da yaɗiya suna ratsawa, yara masu yankan ciyawa suna ratsawa, makiyayi yana bin burtali, maƙwabcinka yana zuwa aron sungumi. A garinmu in ka canza irin wake ma sai an tambaye ka inda ka samo. Wannan idon na jama'a shi ne katangar gonar talaka tun kakanni. Abin da ya sa ɓarawo ba ya yanke maka gero da rana shi ne wani zai gan shi, ya gane ba kai ba ne, ya faɗa. Abin da ya sa in shanu sun yi maka ɓarna kake samun diyya shi ne kana iya kiran mai unguwa da ardo su zo su tsaya a kan gonar su ƙiyasta.

Ranar da ka shuka abin da ba ka son a gani, ka rushe wannan katanga da hannunka. An sace, ba ka da bakin kai ƙara. Shanu sun shiga, ba ka iya kiran kowa ya duba. Wanda ya gani ya yi shiru kuwa ya riƙe ka ke nan, yau ya ce ka ba shi dubu biyar, gobe ya ce goma. Sannan ka tuna irin mutanen da ke neman wannan kaya a jiharmu. Mu nan gabas Allah ya sawwaƙa mana abin da 'yan'uwanmu na Jibiya da Batsari da Safana da Faskari suka sha a hannun 'yan bindiga, kuma kowa ya san abin da waɗannan mutane suke sha kafin su fito. Ba na son ranar da za a ce hanyar kayansu ta biyo ta Sandamu, balle a ce ta gonar marayu ta biyo.

Ɗan Sandamu:
Na gode, Baba, na gode Malam da Lauya da Yaya mai jinya. Maganar cewa ba zan iya kai ƙara ba in an yi mini ɓarna ban taɓa tunaninta ba, kuma ita ta fi tsaya mini. Na bar zancen wiwi, Allah shi ne shaida. Amma matsalata tana nan inda take. Ƙasar ta mutu, ba ni da kuɗin buhunan takin zamani, kuma in na zuba gero a inda ƙuduji yake na san abin da zan girba. Ina neman abin da zai kawo kuɗi a hannu bayan abinci, domin kuɗin makarantar yara ba a biyansa da damin gero biyar.

Malamin Gona:
Yanzu ka kawo tambayar da nake jira. Ƙanena, ƙasarka ba ta mutu ba, yunwa take ji, kuma jigawa tana da saurin amsawa in aka ciyar da ita. Abin da ya rage mana kafin ruwa ya zauna bai wuce wata biyu ba, don haka ga yadda nake ganin za ka bi.

Da farko, in ka je sharar gona kada ka tara karan da ganyen ka cinna musu wuta kamar yadda aka saba. Rairayi ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki sai da ruɓaɓɓen abu a cikinsa, kuma karan da ka bari a kwance yana tare ƙasar da iskar bazara ke kwashewa, gara ta ci shi ta mayar da shi ƙasa. Ƙaya da abin da zai soki ƙafa kawai za ka ƙone. Duk kututturen da ka ga yana tsiro, ko kalgo ko sabara ko magarya, kada ka tumɓuke, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Wannan shi ne abin da mutanen Maraɗi suke kira sassaben zamani, sun fara shi tun shekarun 1980, kuma da shi suka mayar da itatuwa gonakin da suka zama fili. In kana da gawo a gonar, ka riƙe shi da kyau, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma ka duba da kanka yadda gero yake fin kyau a ƙarƙashinsa.

Taki shi ne babban aikin. Tun yau ka fara tara kashin tumaki da awakin gidanku, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, ka tsince leda da batir da fasassun kwalabe. Kashin kaji yana da ƙarfi, amma ɗanye yana ƙona tsiro, sai ya kwanta ya huce. Tunda abin da za ka samu ba zai ishi gonar duka ba, kada ka watsa shi ko'ina ya zama ba a ga komai ba. Ka zuba shi a layin da za a yi huɗa domin galma ta rufe shi a cikin kunya, ko ka sa cikin tafin hannu biyu a kowane rami. A wurin da ƙasa ta yi tauri ruwa yana gudu a kai, ka haƙa ƙananan ramuka ka zuba takin a ciki, su tara maka ruwan farko. Takin zamani kuwa, ko tiya kaɗan ka iya saya na nau'in da ake kira NPK, akwai hanyar da masu bincike na ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka gwada a Nijar: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a kowane gindin gero, a ɗan nesa da irin, a rufe da ƙasa. Da haka kaɗan yake yin aikin da ake gani.

Gefen gabas mai ƙuduji kada ya ga gero ko dawa bana. Irin ƙuduji yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran saiwar da zai kama. Ka sa riɗi ko gyaɗa a wurin, domin ba ya rayuwa a kansu, kuma duk wanda ya fito a sauran gonar ka cire shi kafin ya yi fure, ka fitar da shi daga gonar. Ni shawarata riɗi ne zai zama abin kuɗinka. Yana son jigawa, ba ya son ruwa ya kwanta masa, yana nuna cikin wata uku zuwa uku da rabi, kuma kilo 4 zuwa 5 na iri ya ishi hekta guda. Ka gauraya irin da yashi saboda ƙanƙantarsa, kada ka binne shi da zurfi, kuma ka jira ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuli. Ka je ofishin KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, ka tambayi irin da aka inganta, kada ka sayi na awo a kasuwa wanda aka gauraya fari da ja.

Baba Mai Galma:
Malam, duk abin da ka faɗa a kan taki da gawo haka yake, amma ban yarda a ɗora wa sabon manomi riɗi da yawa ba. Riɗi yana da wuya a wuri biyu. Sati huɗun farko tsironsa kamar zare yake, in ciyawa ta riga shi tashi an gama, kuma yaron nan shi kaɗai ne, ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago. Sannan ranar yanka ba ta jira. In ganye ya yi rawaya ya fara zuba, ƙwanson ƙasa ya fara canza launi, dole a yanke a ɗaure a jingina shi tsaye, in ka ƙara kwana huɗu sai ya fashe ya zube a rairayi, ba mai iya tsince shi. Kuma a lokacin da yake jingine yana bushewa ne ɓarayi suke zuwa da tabarma ko leda da dare su kaɗe shi su bar maka kara a tsaye. Na ga wanda aka yi wa haka, ya zo da safe ya ga dammansa kamar ba a taɓa ba. Ni da zan ba shi shawara, rabin gonar gero da wake domin gida ya ci, kashi ɗaya cikin huɗu riɗi domin ya koya, sauran da iyakar gonar duka zoɓo.

Hajiya Mai Zoɓo:
Na goyi bayan Baba. Shekara tara ina sayen zoɓo a ƙauyukan Baure da Zango ina tarawa, dillalai suna kai shi Maigatari ko Dawanau, daga can a yi Legas da shi a sa a jirgin ruwa, mafi yawa zuwa Meksiko inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Zoɓo yana haƙuri da ƙasa mara ƙarfi, in ruwa ya ɗauke sati biyu ba ya mutuwa, kuma ba ya zubewa in ka makara kwana kaɗan. Sai dai yana daɗewa, sai bayan an gama girbin gero, cikin sanyin Nuwamba da Disamba ake cirarsa, wato lokacin da aka fara sakin dabbobi, don haka shinge ya zama dole. Wahalarsa tana wajen raba jan da ƙwallon, aiki ne na hannu mai ƙaiƙayi, amma mahaifiyarka da ƙannenka mata za su iya yi a tsakar gida. Ɗana, abin da nake roƙonka shi ne tsabta. Ka shanya a kan tabarma ko leda, kada a ƙasa, ka bari ya bushe ƙarau kafin ya shiga buhu, kada ka yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi. An taɓa rufe mana kasuwar Meksiko na tsawon shekaru saboda ƙwarin da aka samu a kaya, kuma mu ƙananan 'yan kasuwa mun ji a jikinmu. Farashinsa yana hawa yana sauka, ba zan yi maka alƙawarin adadi ba, amma ban taɓa ganin busasshen zoɓo mai tsabta ya rasa mai saye ba.

Ɗan Ardo:
Tunda an ambaci dabbobi, bari in yi magana a matsayina na wanda ya tashi a ruga. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa zoɓo da wake a ƙarshen kaka tana faruwa ne saboda makiyayi ya ga an kwashe gero ya ɗauka an gama da gonar. Ka je wurin ardon yankinku tun yanzu, ka gaishe shi, ka gaya masa bana kana da amfanin da zai kai Disamba, ka kuma sanar da mai unguwa. In gonarka tana bakin burtali, kada ka ci ko taku ɗaya daga cikinsa, domin daga nan rigima take farawa. Sannan ka nemi a kwana maka da shanu a gonar na wasu darare kafin ruwa, ka ba da abin da kuka daidaita, ko hatsi ko harawa in kaka ta yi. Iyayenmu da naku haka suka yi, kuma takin da garke zai bar maka a sati guda ya fi abin da za ka yi wata kana ɗauka a amalanke. Don shinge, ka sari rassan aguwa ka kafa su yanzu da rani, suna kamawa ba tare da ban ruwa ba, dabbobi kuma ba su cika cin ta ba saboda ƙaronta. Kafin ta yi kauri ka cike giɓin da ƙayar magarya.

Matashin Kofar Soro:
Har yanzu ina kan ra'ayina cewa wata rana ƙasar nan za ta zauna ta duba dokar, musamman nau'in da ake yin igiya da tufafi da shi wanda ba ya sa maye. Amma na yarda ba a gonar wannan bawan Allah za a fara gwajin ba. Ɗan'uwa, ina da buhunan kashin kaji guda shida da suka kwana biyu a bayan gidanmu, in kana da mai kawo maka daga Katsina ka turo a ɗauka.

Ɗan Sandamu:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je gonar da ƙanena muka zagaya, mun ƙirga gawo uku da kututturen kalgo sun fi ashirin, duk mun bar su. Na gaya wa abokin nawa ba zan yi ba, ya ji haushi, ya ce zai nemi wani, ni kuma na gaya wa kawuna abin da ya faru domin a sa ido a kan samarin unguwa. Ardo ya amince za a kwana da shanu daga ranar Asabar, mun daidaita a kan harawar wake. Yaya na Kofar Soro, akwai direban da ke zuwa Katsina ranar Laraba, zan turo shi. Abin da ya rage ban gane ba shi ne zoɓon bakin iyaka: tare da gero zan shuka shi a ruwan farko, ko in jira lokacin riɗi, kuma wace tazara zan bari?

Malamin Gona:
Kada ka yi masa binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, kuma kada ka sa shi a ruwan farko, domin in aka yi fari bayan shuka za ka yi asarar iri. Ka bari gero ya fito, ruwa ya sauka sau biyu ko uku ƙasa ta jiƙe ta kai tsawon hannu, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ka sa ƙwaya uku ko huɗu a rami, tazarar taku ɗaya tsakanin rami da rami, bayan sati uku ka cire ka bar biyu masu ƙarfi. Ka ja layin ya yi nesa da aguwar da kamar taku biyu, don akuyar da ta zuro kai kada ta kai ga ganyen. Kashin kajin nan kuma in ya iso ka zuba shi a inuwa, ka yayyafa masa ruwa, ka juya shi sau ɗaya a sati har ranar huɗa, sannan ka fara da gefen gabas.